Kwamfuta Hawa Huɗu a Shagon Goggo Gumsu

Ranar da Abdulmannan ya dawo Hadejia daga bautar ƙasa, ko takalmi bai cire ba ya sanar da mutanen gida cewa daga yau an daina ce masa Mannan. Injiniya ne sunansa, kuma ya zo da abin da zai sa a san garin nan har ƙasashen waje.

"An riga an san mu da kifi," in ji Baba Ari, mijin goggonsa, yana ɓare gyaɗa a tsakar gida.

"Kifi ai tsohon yayi ne, Baba. Ni maganar kwamfuta nake."

Goggo Gumsu, yayar babansa wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, ta daɗe tana buga tafireta a sakatariya kafin ta yi ritaya. Da ta bar aiki sai ta buɗe shago a unguwar Matsaro, jikin rumfar da Baba Ari ke sayar da banda, inda ɗalibai ke zuwa koyon jarrabawar shiga jami'a da ake yi da kwamfuta. Ta sayo wata ƙatuwar kwamfuta baƙa daga Kano, ta hannu ce amma mai ƙarfi, aka jera alluna da maɓallai a kan benci, duk aka jona su da ita. Mutumin da ya sayar mata ya haɗa komai a sauƙaƙe, kowane allo na samun rabonsa, aiki na tafiya.

A makon nan kuwa Goggo ba ta da zance sai na Asabar. Malama Ummussalma, shugabar wata sakandare mai zaman kanta, ta ce za ta kawo 'yan ajin ƙarshe su yi jarrabawar gwaji. Idan abin ya yi mata, shagon Goggo ne zai riƙa karɓar ɗalibanta duk shekara. Idan bai yi ba, ga shagon Hamman a tsallaken titi, wanda har ya yi sabon fenti yana jiran tsammani.

Washegari Injiniya ya shiga shagon, ya zagaya baƙar kwamfutar hannuwansa a baya, ya girgiza kai.

"Goggo, wa ya yi miki wannan aikin 'yan koyon?"

"Me ya same ta? Jiya ma yara sun yi aiki da ita lafiya lau."

"Lafiya lau ai shi ne matsalar. Hamman ma nasa lafiya lau suke. Da me kika fi shi? Ni zan sa miki kwamfuta a cikin kwamfutar nan. A cikin waccan in sa wata. A cikin ita ma wannan in ƙara wata. Hawa huɗu! Ko ɓarawon jarrabawa ya fasa ta farko, sai ya tarar da wata ƙofar a rufe. Kaf Arewa babu mai irinta."

Goggo ta dubi akwatin, ta dube shi. "A ina za su zauna? Ko fanteka ba ta kai girma ba."

"Ba a ganinsu, Goggo. Ilimi ne."

A nan dole a yi wa Mannan adalci, don abin da ya faɗa ba tatsuniya ba ne, kuma yana da daɗin sani. Akwai manhaja da ake kira haifabaiza, aikinta ta sa kwamfuta ɗaya ta zama kamar gida mai ɗakuna, kowane ɗaki ya ɗauka shi kaɗai ne kwamfuta a duniya. Ana kuma iya sake sa irin wannan manhajar a cikin ɗakin, a yanka shi gida-gida. Manyan kamfanoni na yi kullum. Inda gizo ke saƙa shi ne, duk lokacin da ta can ciki ta buƙaci wani abu daga ainihin injin, sai saƙon ya fito hawa-hawa har waje, amsa ta sake komawa hawa-hawa, kuma kowane hawa sai ya tsaya ya duba ya ci nasa lokacin. Masana na ta zufa ne kan yadda za a rage wannan zirga-zirgar, har masu ƙera injin suka sa wani maɓalli na musamman a cikinsa don ya rage wahalar. Mannan ya halarci rabin farko na wannan darasi a jami'a. Rabi na biyun, yana can wajen yaƙin neman zaɓen ƙungiyar ɗalibai, wanda kuma ya faɗi.

Goggo ta so ta ƙi, amma kalmar "kaf Arewa" ta zauna mata a rai, musamman da ta hango Hamman yana goge sabon allon shagonsa. Ta ce, "To, amma Asabar fa, Mannan."

"Injiniya."

"Asabar fa, Injiniya."

Ya zauna ya hau aiki. Ainihin kwamfutar ya raɗa mata Kaka. Ta cikinta Uwa. Ta cikin Uwa, Jika. Ta can ƙuryar ƙarshe, inda ya zuba tambayoyin jarrabawa da agogonta, ya sa mata Tattaɓa-kunne. Kowacce kuma ya manna mata hotonsa a fuskar allo, yana sanye da hular bautar ƙasa, ya ɗaga babban yatsa.

Da ya gama sai ya kira Rahmatu, autar Goggo, wadda ita ma tana cikin ɗaliban da za su yi gwajin Asabar, ya ce ta zo ta kafa tarihi. Ta zauna ta danna harafin farko na sunanta. Shiru. Wata mata ta tsaya a rumfar Baba Ari, ta taya banda, suka yi ciniki, ta yi fushi ta tafi, ya kira ta ta dawo, ya ƙulle mata a takarda. Sai ga harafin ya bayyana a allo.

"Yaya Injiniya, ta Gashuwa ya biyo ne?"

"Ke ba ki san komai ba. Sabon gini ne, bai saba ba. Yanzu za a shiga matakin ƙara gudu."

Baba Ari ya leƙo ta taga. "Ni dai na ga irin wannan a fadama. Ruwa ya taso daga kogi da ƙarfinsa, ya shiga ciyawar kachala da ta toshe hanya, kafin ya iso gonar mutum shinkafa ta mutu an yi sadakar bakwai."

"Baba, wannan ba fadama ba ce."

"Haka ne. A fadama ko ba ruwa akwai kwaɗi."

Matakin ƙara gudu na farko shi ne rage wa Kaka nauyi. Ya shiga can cikin saitinta, duk abin da ya gani a kunne wanda bai gane ba sai ya kashe, yana cewa kayan banza ne Turawa ke cusawa. Cikin abin da ya kashe har da maɓallin nan da masu ƙera injin suka sa musamman don irin wannan aikin. Da aka sake gwadawa, Baba Ari ya sallami mutum biyu ya kuma yi alwala kafin harafi ya fito.

Mataki na biyu, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta yi musu kaɗan. Sai ya rubuta wa Uwa duk ƙwaƙwalwar da Kaka ke da ita, ya rubuta wa Jika ita ɗin dai, ya rubuta wa Tattaɓa-kunne ninkinta don ita ce ƙarama, tana buƙatar kulawa. Ya zama kamar gona ɗaya aka yi wa magada uku alkawari, kowa ya fito da fartanya. Fankar da ke cikin Kaka ta fara kuka irin na injin ban-ruwa.

Hamman ya tsallako titi, dogo siriri da carbi a hannu, ya yi sallama cikin ladabi.

"Hajiya, na ji ƙara ne, na ce ko kun koma niƙa. Akwai gero a gida."

"Malam Hamman," in ji Injiniya, bai ko ɗago ba, "ranar Asabar ka zo da kujera ka ga yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Kallo kyauta ne."

"In sha Allahu da benci zan zo."

Mataki na uku, ya sa wa kowane hawa manhaja mai auna gudu, don a kama wanda ke ja da baya. Masu aunawar suka cinye ɗan ƙarfin da ya rage. Amma sun zana masa wasu layuka masu hawa da sauka, ja da kore, ya kira Goggo ya nuna mata.

"Kin ga wannan jan da ya kai har sama? Yana nufin injin na aiki ɗari bisa ɗari. A da barci yake yi, kina ciyar da rago."

"To harafin fa?"

"Harafi ƙaramin al'amari ne, Goggo. Ki dubi jan."

Ranar Juma'a da yamma ya cire duk masu aunawar, abin ya ɗan motsa, har mutum na iya rubuta sunansa idan mai haƙuri ne. Injiniya ya ce an kai gaci. Ya sa aka buga ƙyalle aka rataya a ƙofar shago: CIBIYA TA FARKO MAI KWAMFUTA HAWA HUƊU, ƘARƘASHIN INJINIYA ABDULMANNAN. Sunan Goggo na can ƙasa, sai an matsa ake gani.

Asabar ta zo da zafin bazara irin wanda tun hantsi kwalta ke laushi. Malama Ummussalma ta iso da ɗalibanta a jere, mace mai tabarau da ba ta son a maimaita mata magana. Iyaye suka taru a inuwar darbejiya. Hamman ya cika alkawari, ya zo da benci, har da masu taya shi zama.

Injiniya ya fito cikin kwat a wannan zafin, ya yi jawabi. Ya ce tambayoyin na can ƙuryar hawa na huɗu inda ko aljani sai da izini. Ya ce ya kulle maɓallin miƙa amsa, ba mai iya tashi sai agogon jarrabawa ya cika awa ɗaya cif, don kada wani ya fita ya ba na waje satar amsa.

"Mu dai a fara," in ji Malama.

Aka fara. Jiya mutum ɗaya ne ke dannawa. Yau aji guda ne suka danna a tare.

Kaka ta yi wani gurnani. Alluna suka tsaya cak, kowanne da hoton Injiniya yana ɗaga yatsa. Can tambayar farko ta fito. Rahmatu ta zaɓi amsa, ba ta ga alama ba, ta sake dannawa, ta sake. Na kusa da ita ma haka. Sai duk danne-dannen suka iso a tare, kamar an buɗe dam, allon ya yi tsalle ya wuce tambaya bakwai, kowacce ya ba ta amsar ta farko.

"Malama, ya ce babban birnin Jigawa shi ne iskar oksijin!" wani ɗalibi ya yi ihu.

"Ni kuma ya amsa mini lissafi gaba ɗaya ban gani ba!"

"A kwantar da hankali," in ji Injiniya, yana yawo tsakanin benci. "Ku riƙa dannawa da tausayi. Saƙon sai ya gaida Jika, ya gaida Uwa, ya durƙusa wa Kaka, sannan ya dawo. Tarbiyya ce."

"A gaya masa ya rage gaisuwar," in ji Hamman daga waje. Masu benci suka fashe da dariya.

Rana ta take. Aka kira azahar a masallacin unguwa. Malama Ummussalma ta dubi agogon hannunta, ta dubi na allo. Ashe ita ma Tattaɓa-kunne sai ta aika a tambayo mata lokaci daga wajen Kaka, kuma rabin aiken a hanya yake ɓacewa. A wajenta ko kwata na awar ba a ci ba.

"Malam, agogon nan naka na wace ƙasa ne?"

"Na ciki ne, Malama. Lokacin ciki daban, na waje daban. Wani babban masani ma ya yi bayanin..."

"Yaushe yaran nan za su tashi?"

Ya ɗan yi lissafi da yatsu. "Idan aka ci gaba a haka, da yardar Allah, kafin Talata."

Wani uba ya miƙe daga ƙarƙashin darbejiya. "Talata? Ni daga Kafin Hausa na kawo yarinyata, gobe ina da shuka a lambu!"

Goggo ta jawo Injiniya gefe ta hannun kwat. "Mannan, akwatin nan ya yi zafin da za a soya ƙwai a kai. Ka mayar mini da ita yadda take."

"Zafi! Goggo, kin gano shi. Zafi ne kawai. Kin san manyan kamfanonin duniya da me suke sanyaya nasu? Da ruwa. Mu da muke bakin kogi ai mu ya kamata mu koya musu."

Kafin ta buɗe baki ya faɗa rumfar Baba Ari ya sungumo buhun algarara. Kowa a garin nan ya san yadda ake yi wa randa da bazara: a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, iska ta buga, ruwa ya yi sanyi kamar na firji. Ya tsoma buhun a bokiti, ya naɗe Kaka tsaf har da ƙofofin da take shaƙar iska, ya karɓo ƙanƙara wajen mai sayar da zoɓo ya ɗora a kai.

"Kai, buhun bandata ne wannan!" in ji Baba Ari.

"An ɗaukaka shi, Baba. Ya shiga fasaha."

Buhun da ya shekara yana ɗaukar tarwaɗa ya ji ɗumi. Ƙauri ya cika shagon. Ƙudajen rumfar Baba Ari suka yi hijira gaba ɗaya suka dawo ciki. Wata kyanwa ta shigo ta taga, ta bi ta kan maɓallan wata ɗaliba, ta haye kan Kaka ta zauna. Ɗalibar ta ce a bar ta, ta fi ta samun amsa daidai.

Malama Ummussalma ta toshe hanci da gefen mayafi. "Hajiya Gumsu, ina ganin girmanki. Ko a buɗe wa yaran nan su miƙa abin da suka yi yanzu, ko in kwashe su."

"Yanzun nan, Malama!" Injiniya ya zauna a gaban babban allo, zufa na ɗiga daga haɓarsa. "Abu mai sauƙi. Zan kashe Jika in tashe ta, agogo ya farfaɗo. Sauran ba abin da zai taɓa su."

Ya buɗe taga a kan allon, ga hotonsa da hula. Ya buɗe ta cikinta, ga hotonsa da hula. Ya koma baya, hotonsa. Ya shiga gaba, hotonsa, yana ɗaga masa yatsa. Ya tsaya.

"Yaya Injiniya," in ji Rahmatu a hankali, "a wace kake?"

"Ni na gina su, ke za ki tambaye ni? Jika ce wannan. Dubi yadda take."

"Duk kai ne a jiki."

"Jika ce!"

Ya danna kashewa. Aka tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata, da ƙarfi, har da buga tebur. Wannan ne kaɗai umarnin da aka bi nan take a duk ranar, domin Kaka ce, ita kuwa ba ta aiken kowa. Fanka ta yi shiru. Alluna suka mutu a tare, Uwa da Jika da Tattaɓa-kunne da amsoshin aji guda duk suka tafi.

Shagon ya yi tsit, sai ƙudaje.

"Inna lillahi," in ji Baba Ari daga taga. "Gida guda, rana ɗaya."

"Ba komai! Tashinta zan yi!" Injiniya ya cusa hannu ƙarƙashin buhun da ƙanƙara ta gama narkewa a kai, ya lalubo maɓalli ya danna. Aka ji tas! Wani shuɗin tartsatsi ya fito, kyanwa ta yi sama, hayaƙi siriri ya biyo baya mai warin roba da tarwaɗa.

Hamman ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ɗauki bencinsa. "Malama, nawa hawa ɗaya ne, irin na talakawa. Amma idan an danna, yana fitowa."

Malama Ummussalma ta gyara tabarau. Ta ɗaga hannu, ɗalibai suka yi layi suka tsallaka titi, har da Rahmatu, wadda ta waiwayo ta ce wa uwarta ta yi haƙuri, jarrabawa ce. Goggo ta tsaya a ƙofa ƙarƙashin ƙyallen, tana kallonsu suna shiga shagon mai sabon fenti ɗaya bayan ɗaya.

"Goggo," in ji Injiniya daga bayanta, "a kimiyyance, gwajin ya yi nasara. Ba wanda ya saci amsa."

Ba ta juyo ba.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Goggo ta yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ƙamshi har zaure. Mannan ya wanke hannu ya matso ya ce, "Goggo, a zubo."

"Ba a yi mini magana kai tsaye," in ji Goggo, tana juya miya. "An sake tsarin gidan nan. Ni ce Kaka. Malam ne Uwa."

"Ni ne Uwa," in ji Baba Ari, ya gyara zama.

"Rahmatu Jika. Kai ne na ƙurya. In kana da buƙata, ka bi hawa."

Ya yi dariya, ya ga ba mai taya shi. Ya juya wajen Rahmatu. "Ki ce a ba ni tuwo."

Rahmatu ta gama tauna lomarta, ta sha ruwa, ta juya. "Baba, wai a ba shi tuwo."

Baba Ari ya yi hamma, ya ba da labarin wani kifi da ya kuɓuce masa a fadamar Baturiya tun yana saurayi, sannan ya ce, "Gumsu, ana neman tuwo daga ciki."

Goggo ta cika kwano, malmala biyu da tsakiyar kifi, ta miƙa wa mijinta. Ya duba da kyau, ya ce dole kowane hawa ya tantance, ya ɗauke tsakiyar kifin da rabin malmala. Rahmatu ta karɓa ta tantance nata. Abin da ya iso hannun Injiniya ɗan tuwo ne da ya huce, da kan kifi yana kallonsa.

Ya cinye, ya suɗe kwanon, ya ce da Rahmatu a ƙaro.

"Sai dai ka jira," in ji ta. "Uwa ta tafi masallaci."

Ya zauna da kwano a hannu yana hangen tukunya. Can ya gyara murya.

"Goggo, tsarin nan yana da gyara. Ni a ganina..."

"Yana da shi," in ji Goggo, ta rufe tukunya. "Ka ce kaf Arewa ba mai hawa huɗu, to ni biyar nake so. Na aika wa Hamman, gobe da shi za a ci, kwanonka sai ya biyo ta hannunsa."